Yadda Baba Alhaji Ya Kai Gwaggo Tasalla Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Gwaggo Tasalla a Gwammaja ya san hoton nan. Yana manne a bango daga saman sif tun kafin a haife ni: farin yashi, ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, da wani dogon kwalekwale da aka ɗaura wa ƙyallaye a hanci. Asalinsa kalanda ce da wani kamfanin silifas na ƙasar Tailan ya aiko wa mijinta, Alhaji Mamuda Mai Silifas, wanda muke kira Baba Alhaji, tun yana ɗan tebur a kasuwar Sabon Gari. Da shekarar ta ƙare, Gwaggo ta sa almakashi ta yanke watannin, ta bar ruwan. Ranar da ta manna shi, in ji ta, Baba Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran muryar nan tasa mai kama da tayar da tsohon babur, ya ce, “Tasalla, in Allah Ya buɗa mini, har nan zan kai ki ki tsoma ƙafa.”

Allah Ya buɗa. Tebur ya zama shago, shago ya haifi shaguna, har ta kai duk silifas ɗin da ka ga an bari a ƙofar masallaci a unguwarmu, ka bincika, ta hannun Baba Alhaji ya bi. Gwaggo ta aurar da 'ya'ya, ta goya jikoki, shuɗin hoton ya koɗe ya koma kalar ruwan wanki, amma har bara ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma ta tagar mota. Ko da ta je aikin Hajji ba ta ga tekun Jidda ba. Daga jirgi sai bas, daga bas sai Makka. Duk shekara sai ta tuna masa, shi kuma ya ce, “Yana nan tafe, Hajiya. Teku ai ba ƙafewa zai yi ba.”

To bara sai ga shi ya shigo da fasfo uku a hannu. Na ukun nawa ne. Ni 'yar ƙanenta ce, sunana Walida, na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa, kuma dangi sun daɗe da yanke hukuncin cewa tunda bakina ba ya hutawa, gara a nema masa aikin yi. Aka naɗa ni tafinta.

Ku zo ku ga shiri. Gwaggo ta ɗinka leshi shuɗi, daidai kalar ruwan hoton lokacin yana sabo. Aka ɗauko mai ƙunshi 'yar Barno ta wuni a durƙushe tana zana mata ƙafa, ja da baƙi, furanni har ƙauri. Ƙawayenta na Islamiyya suka cika falo suna sa albarka, babbarsu Hajiya Ladiyo, wadda ta je Dubai sau ɗaya kuma har yau ba ta bar kowa ya huta ba, ta ce, “Tasalla, mu dai ba ma son turare, ba ma son atamfa. Hoton ƙafar nan a cikin ruwan teku kawai za ki turo mana, mu san an je.”

Gwaggo ta miƙe ƙafafun a kan kafet kamar amarya, ta ce, “Za ku gaji da gani.”

Mun sauka a Bankok, wani direba ya tarbe mu, gajere, fuskarsa kullum a washe, yana haɗa tafin hannu yana sunkuyawa. Sunansa Wicai. Nan take Gwaggo ta ba shi malanta, ya koma Malam Wicai. Ya kwashe mu sai wani lardi da ake kira Rayong. A hanya yake ba ni labari da guntun Turancinsa, ni kuma ina juyawa: akwai bakin teku, akwai tsibiri da ake zuwa a kwalekwale, akwai lambunan da za ka shiga ka ci 'ya'yan itace har ka nemi mai ɗaga ka. Gwaggo tana ta “Allahu Akbar” a kujerar baya. Baba Alhaji kuwa ya manna fuska a gilashi yana kallon wasu dogayen katangu da bututun hayaƙi, shi ma yana ta “Allahu Akbar”. A lokacin ban lura cewa kabbarar tasu ba ta abu ɗaya ba ce.

Ashe Rayong gari biyu ne a cikin riga ɗaya. Gefe guda teku da yashi, gefe guda kamfanoni kamar an shuka su. Otal ɗin da Baba Alhaji ya kama mana yana tsakiyar gefen da kuke zato. Gwaggo ta yaye labulen ɗaki da bisimilla, tana jiran shuɗin ruwa, sai ga wani dogon bututu yana ci da wuta a ka.

“Walida, zo ki gani. Wa ya bar murhu a kunne a sama?”

Washegari Baba Alhaji ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da fara'a, ya ce a shirya, yau yawon buɗe ido. Gwaggo ta so ta sa leshin, sai ta ce bari ta tambaya tukuna.

“Alhaji, tekun ne?”

Aka tayar da babur. “Hmm-hmm-hmm. Hanyar ce dai. Akwai wani ɗan wuri da za mu leƙa, daga nan sai teku.”

Ɗan wurin kamfanin silifas ne, girmansa ya kai unguwa. A ƙofa wata siririyar manaja mai murya kamar usur ta tarbe mu da dokoki. Aka sa wa Gwaggo wata raga a kan ɗaurin da ta ɓata hantsi guda tana kafawa, aka kifa hular kwano a kan ragar, aka zura mata 'yar shara ruwan ɗorawa irin ta masu sharar titi. Sannan aka zo kan ƙafa. Wasu takalma aka kawo, baƙaƙe, masu ƙarfe a baki, kowanne ya yi nauyin turmi.

“Ki ce mata akwai lalle a ƙafata.”

Na faɗa. Manajar ta leƙa, ta tafa hannu, ta yi wata ƙara ta murna, ta kira 'yan uwanta suka ɗauki hoton ƙafar, sannan ta miƙo safa ta ce doka ce.

Haka muka shiga, Gwaggo tana tafiya ƙwas-ƙwas kamar sabon ɗan sanda. Zafi, ƙara, warin ƙonanniyar roba. Sai muka iso gaban wani inji da ke haɗiye shimfiɗar roba yana tofo silifas. Jama'a, na ga mutane suna kuka a wurin biki, na gani a wurin rasuwa, amma ban taɓa ganin dattijo ya yi ƙwalla a gaban inji ba sai ranar. Baba Alhaji ya cire tabarau ya share ido da bakin babbar riga.

“Hajiya, dubi! Dubi ikon Allah! Tun ina saurayi nake sayar da shi, yau ga ni ga inda ake haihuwarsa. Kin gane ko? Ilimi ne wannan. Wanda bai ga nan ba bai zo Tailan ba.”

Gwaggo ta jawo ni ta kunne, don sai da ihu ake jin magana. “Ki gaya wa matar nan ni teku na zo gani, ba uwar silifas ba. Ki ce mata silifas ɗin nan a banɗakina ma akwai shi.”

Na dubi Baba Alhaji, ya zaro mini ido ta saman tabarau. Na dubi Gwaggo, ita ma ta zaro nata. Tafinta aikin mai tsautsayi ne. Na juya na ce wa manajar Hajiya ta ce kayanku har cikin ɗakinta suke, kullum da su take fara safiya. Matar ta dafe ƙirji, ta ce ba a taɓa yi musu yabo irin wannan ba, saboda haka za ta kai mu gini na biyu, wanda ba a saba nuna wa baƙi ba, inda ake yin igiyar silifas ɗin.

“Me kika ce mata?”

“Abin da kika ce, Gwaggo. Turancin ne dai yake da ladabi.”

Ba mu fito ba sai da rana ta yi sanyi. Malam Wicai ya nuna kudu da hannu ya ce teku yana kusa, ko yanzu za a iya. Baba Alhaji ya ce a'a, teku ba abin da ake gani a gajiye ba ne, a bari sai gobe a je masa da ƙarfi. Da muka koma ɗaki Gwaggo ta zare safa, ta daɗe tana kallon ƙafarta. Gumi ya fara cin baƙin.

Goben ta zo, aka ce yau shan iska za a je, daji mai sanyi, bishiyoyi a jere. Gaskiya ya faɗa, a jere suke. Gonar roba ce. Kowace bishiya an tsaga mata jiki an rataya mata ɗan kofi, wani farin ruwa yana ɗiga kamar madara. Baba Alhaji ya rungume guda ɗaya ya ce in ɗauke shi hoto.

“Hajiya, wannan ita ce kakar silifas. Daga nan komai ya faro. Kin gane ko? Ilimi ne.”

“Na gaishe ta,” in ji Gwaggo, tana dukan ƙaurinta. Sauron gonar nan ban san me ya gani a lallen Barno ba, amma ko kallon mu bai yi ba, ita ya sa a gaba.

Ran nan kuma muna cikin mota, gilashi a sauke, sai Gwaggo ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta damƙe hannuna.

“Walida! Ƙarnin kifi! Mun iso!”

Har ta fara kwance igiyar takalmi. Motar ta karya kwana ta shiga wani fili cike da manyan kwatarniyoyin siminti a rurrufe. Kamfanin ruwan kifi ne. Mutanen can suna jiƙa ƙananan kifaye da gishiri su bar su su ruɓe son ransu, sannan su tace ruwan su zuba a miya. Baba Alhaji ya ji labari, ya ce bari ya gani ko zai karɓu a Kano, wataƙila ya ture daddawa. Aka buɗe mana kwatarniya ɗaya. Ni dai na ga taurari da rana tsaka. Gwaggo ta toshe hanci da mayafi ta ce, “Ki ce masa a garinmu in abu ya kai haka binne shi ake yi.” Na ce wa mai kamfanin Hajiya ta ce a garinmu abu mai daraja irin wannan ɓoye shi ake yi. Ya ba ta kyautar kwalba biyu.

Kada ku ɗauka Baba Alhaji daɗi yake sha. Idonsa ne kawai ke biki, cikinsa makoki yake yi. Malam Wicai ya samo mana wani shagon Musulmi inda ake cin halal, amma halal ɗin ma da sukari a miya, da madarar kwakwa, da wani ganye mai ƙamshin sabulun wanka. Baba Alhaji ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali ya ce, “Wannan miya ce ko kunu?” Aka kawo masa wani ɗan itace mai ƙaya wai shi duriyan, sarkin 'ya'yan itacensu, ya sansana ya ce a mayar da sarkin fadarsa. Tun daga nan ya koma shayi da burodi da ɗan kilishin da muka taho da shi, yana gutsura kamar magani. Babbar riga ta fara yi masa yawa. Kullum in an zauna sai ya lumshe ido ya fara karatu:

“Hajiya, tuwon dawa. Mai laushin nan naki. Miyar busasshiyar kuɓewa, da ƙashi a ciki, man shanu ya kwanta a kai yana ƙyalli. Wallahi jiya shi na yi mafarki.”

“Ni ma na yi mafarki,” in ji Gwaggo. “Ruwa na gani.”

“Alheri ne. Ruwa a mafarki arziki ne.”

Da ta ga lallen ya koma ja-ja, furannin sun fara zama kamar tabon ƙuna, sai ta ce mu ƙulla da Malam Wicai: in Alhaji ya shiga taro, mu mu zame mu je mu dawo. Malam Wicai har da tsalle. Ya ciro wata takarda mai hotuna ya nuna mata, ga farin yashi, ga kwalekwale da ƙyallaye a hanci. Gwaggo ta riƙe takardar da hannu biyu, muryarta ta sauka, ta ce, “Shi ne. Wallahi shi ne na ɗakina.” Amma kun san Gwaggo, ba ta iya fita ba izini. Ta je ta faɗa wa Baba Alhaji.

Babur ya daɗe bai tashi ba. “Hmm-hmm-hmm-hmm. Mace da yarinya, ku kaɗai, a ƙasar da rubutunsu ma kamar an zubar da taliya a ƙasa? In kuka ɓace in ce wa mutanen Gwammaja me? Kuma wa zai yi mini tafinta? A'a. Ni na yi alkawarin nan da bakina, ni zan cika shi da ƙafata. Ranar tafiya, tun da safe, teku. Daga can mu wuce filin jirgi. Kin ga sai ya zama shi ne abu na ƙarshe da idonki zai gani a Tailan.”

Gwaggo ta dawo ɗaki tana murmushi. Ta ce, “Kin ji, ashe ajiye mini shi ya yi don ƙarshe.” Ni dai na ce to.

Ranar tafiya ta fito da leshin daga ƙasan akwati, ta sa aka goge shi, ta kafa ɗauri, ta yafa mayafi fari kamar kumfa. A mota ta cire takalmi, ta ɗauko man zaitun tana murza ƙafa, wai ko ragowar lallen zai farfaɗo. Ya ɗan taso kuwa, kamar ya san ranarsa ce. Ta ce in duba cajin waya. Ta koya mini yadda za a ɗauki hotuna uku: ɗaya ƙafa kawai a ruwa, ɗaya tana tsaye ta riƙe bakin zani, ɗaya tana kallon nesa kamar ba ta san ana ɗauka ba. Muna tafe iska ta canza, ta yi laushi, da ɗan gishiri-gishiri a leɓe. Wasu fararen tsuntsaye suna shawagi. Malam Wicai yana ta waige yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan.

Sai wayar Baba Alhaji ta yi ƙara.

Ya saurara, ya miƙo mini. Ejan ɗinsa ne, wai yanzu ake loda kwantenarsa a wani fili nan kusa, in yana so ya gani kafin a rufe. Na yi niyyar in ce masa sun ce a sauka lafiya. Amma kalmar kwantena ko a bakin Bature kwantena ce, ya riga ya ji ta.

“Malam Wicai, hagu! Hajiya, leƙawa kawai zan yi. Ko zama ba zan yi ba.”

Bai zauna ba kam, gaskiyarsa. A tsaye ya yi ta. Ya shiga kwantenar ya fito, ya sa aka sauke kwali aka buɗe, ya lanƙwasa silifas ya saki, ya sansana, ya ce kalar kore ta yi yawa, mutanen ƙauye shuɗi suke so. Aka kira kamfani, aka kira wanda ya kira kamfani. Ni ina tsakiya ina juya kore zuwa Turanci. Gwaggo tana mota, ƙofa a buɗe, ƙafa a waje tana sheƙi. Rana ta taso ta tsaya a ka, ta fara gangarawa. Can Malam Wicai ya zo, fara'ar nan tasa duk ta zube, ya nuna agogo ya ce Bankok da nisa, hanya da cunkoso, in ba mu tashi yanzu ba jirgi zai tafi ya bar mu.

Na faɗa wa Baba Alhaji. Ya ce subhanallahi, lokaci ba ya jira, a shiga mota. Yana juyowa ya yi kiciɓis da Gwaggo. Ta fito, tana tsaye a kan siminti mai zafi ba takalmi, ta riƙe su a hannu. Bayanta kwantenoni ne an ɗora su kan juna sun yi katanga har sama.

“Alhaji,” ta ce a hankali, “ina tekun?”

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya tambayi ejan, ejan ya nuna katangar. Sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata.

“Af! Ai mun ma zo! Yana bayan kwantenonin nan, Hajiya. Ba ki ji iskarsa ba? To ai shi ne. Lokaci ne dai ba mu da shi. Tsaya jikin shuɗiyar can, ta dace da leshinki, Walida ta ɗauke ki hoto.”

Na jira ta fashe. Gwaggo mace ce mai magana. In ta fara faɗa har maƙwabta sukan rage rediyo don su ji da kyau. Amma ko uffan. Ta taka a hankali ta je jikin shuɗiyar kwantenar ta tsaya, takalmi a hannu, ta kalli nesa kamar ba ta san ana ɗauka ba. Na ɗauka. Da muka shiga mota Malam Wicai ya kwance wani ɗan ƙwanson teku da ke rataye a madubinsa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta ce, “Allah Ya yi maka albarka, Malam Wicai.” Wannan kam na fassara shi daidai.

A jirgi kujerar taga ta faɗo wa Baba Alhaji. Muna tashi ya ja murfin tagar ya rufe, wai haske yana damun idonsa, ya gyara kwanciya. Kafin barci ya ɗauke shi ya ce, “Hajiya, gobe in Allah Ya kai mu, tuwon nan. Man shanu ya yi iyo.”

“In sha Allahu,” in ji Gwaggo. Muryarta sumul, har da ɗan murmushi. Nan na san da sauran magana.

Washegarin saukarmu gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Hajiya Ladiyo ta karɓi wayata ta daɗe tana jan hoton da yatsu biyu, tana neman ruwa a gefe-gefe, sannan ta ce, “Ikon Allah. Tasalla, tekun nasu ya yi kama da kamfanonin Sharaɗa.” Matan suka yi ta tari a cikin mayafi. Gwaggo ta raba musu tsaraba, silifas kore kowa ƙafa ɗaya da 'yar uwarta, ta ba Hajiya Ladiyo kwalbar ruwan kifi ta ce turaren can ne.

Daga falon waje kuwa muna jiyo Baba Alhaji da abokansa na kasuwa. Babur yana tashi yana mutuwa. “Alhamdu lillahi, na sauke nauyi. Alkawarin shekara da shekaru. Har bakin teku na kai ta. Ku tambaye ta, kasa magana ta yi.”

Gwaggo tana jin sa, tana tuƙa tuwo. Ta tuƙa shi kamar za a kai gasa. Ta kaɗa miyar kuɓewa da ƙashi, ta soya man shanu da albasa har ƙamshin ya tsallaka katanga. Baba Alhaji ko karin kumallo ya ƙi yi, wai kada shayi ya tare wa tuwo wuri. Sai na ga ta kwashe komai a kuloli, ta kai ɗakinta ta ajiye ƙarƙashin hoton nan, ta fito ta murza mukulli ta soke shi a ƙugu. Ta wanke tukwane tas ta kife. Sannan ta shiga wanka, ta fito cikin shuɗin leshi.

Bayan azahar baƙi suka watse. Baba Alhaji ya shigo yana murza hannu, ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya zauna a tabarma ya ce, “Bisimilla, Hajiya. Yau ko Walida ba na gayyata.”

“Taso, Alhaji. Akwai wani ɗan wuri da za mu leƙa, daga nan sai tuwo. Walida, ɗauko waya.”

Ya taso yana dariya, a zatonsa a ɗaki aka shimfiɗa masa. Ta kai shi sito ta buɗe, ta dafa wani buhu.

“Wannan ita ce dawa, kakar tuwo. Daga nan komai ya faro. Ka gane ko?”

“Na gane, Hajiya, na gane. Mu je.”

Ba ta yi sauri ba. Ta nuna masa turmi da taɓarya, ta yi bayanin surfe. Ta nuna rariya ta ce ya taɓa ya ji laushinta. Ta kai shi kicin ta gabatar masa da murhu, da muciya, da mara, da tukunyar da ke kife tana ƙyalli. Ta ɗauko maburgi ta ce wannan ba a saba nuna wa baƙi shi ba. Duk inda ta tsaya sai ta ce, “Ilimi ne wannan.” Har gyaran muryar ta yi, kuma wallahi ta fi ni iyawa, ni da ake kira uwar kwaikwayo, ranar na san a inda na gada. Na cusa mayafi a baki, hawaye na zuba.

Dariyar Baba Alhaji ta yi ta ragewa har ta ƙare. Cikinsa ya yi wata ƙara da ni ma na ji daga bakin ƙofa. Muka fito tsakar gida, muka tsaya daidai ƙofar ɗakinta, inda ƙamshin man shanu ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana dukan hanci. Ya murɗa, ya ji ta gam. Ya juyo, murya ta yi ƙasa, ba babur ba komai.

“Tasalla, don girman Allah, ina tuwon?”

“Yana bayan ƙofar nan, Alhaji. Ba ka ji ƙamshinsa ba? To ai shi ne. Tsaya jikin turmin can, ya dace da rigarka, Walida ta ɗauke ka hoto.”